Inda Gaisuwa Ba Ta Shiga

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Ista, ina aji huɗu a firamare, Baba ya shigo da labarin da ya hana mu cin tuwo: zai rufe barandar gidanmu na Samaru da gilashi tun daga ƙasa har sama, irin ɗakin da ake rainon tsiro a gonar gwajin da yake aiki. Ni da ƙanena Bulus muka yi ta tsalle kamar an ce gobe Kirsimeti. Ran Litinin duk makaranta sai da ta ji, har na fara zaɓen waɗanda zan bari su leƙa.

Mama kuwa ragar waya take so, mai tare sauro ta bar iska ta shiga. Dama don Kaka za a yi aikin, mahaifiyar Baba, wadda idonta ya yi rauni, ga sauro ya hana ta sakat a barandar da take wuni tana ɓarar gyaɗa. Da murya take gane kowa. Mai nono, 'yan makaranta, matan zumunta, ba mai wucewa bai tsaya sun gaisa ba. Mu dai muka ce raga ta kejin kaji ce, muka sha ranƙwashi.

Baba ya kwashe mu har da Kaka zuwa Sabon Gari ganin kaya. Aka ba ta kujera cikin shagon mai gilashi, mu kuma muna hura wa gilashin numfashi muna rubuta sunayenmu. Ashe Maman Ladi maƙwabciyarmu ta biyo ta waje, ta rusuna ta yi ta gaisuwa ta bayan gilashin shagon, Kaka ba ta ji ba. Washegari a coci matar ta ɗauke kai, wai tun ba a sa gilashin ba an daina amsa gaisuwar talaka.

Ban taɓa ganin ran Kaka ya ɓaci haka ba. Ta ce wa Baba, "Ni ba tumatir ba ce. In ka rufe ni inda gaisuwa ba ta shiga, ka binne ni da raina." A cikin satin, sai ga kafinta ya zo da raga. Na sha kuka, don na riga na cika baki. Maman Ladi ce ta fara kwaɗa sallama ta cikin ragar, Kaka ta amsa tun kafin ta rufe baki.

Yau gidana gilashi ne ko'ina, irin wanda na yi wa kuka. Mutane na wucewa, ina ganin bakinsu na motsi, ban san ko da ni suke ba.