Isiyaku Mai Faci Da Yarinyar Da Ke Jiran Motar Kaduna

Ranar da na fara ganin yarinyar, hadari ne ya haɗu tun hantsi ya ƙi zuba. Gari ya yi luf, ko ganye ba ya motsi. Ina rumfata ina gyaran takalma, Isiyaku mai faci yana gefena a kan tsohuwar taya, yadda muka saba shekara da shekaru a bakin titin Tudun Wada da ya nufi Kongo.

Isiyaku ba mai magana ba ne. Sau ɗaya ya yi aure, matar ta ce ba za ta iya zama da bango ba, ta tafi, bai sake ba. Ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya, daga tabarma sai buta. In babu aiki, idonsa na kan titi. Duk motar da ta tsaya sai ya bi masu sauka da kallo ɗaya bayan ɗaya, har samari suka laƙaba masa Ɗan Kamasho.

Yarinyar ba za ta wuce shekara biyar ba. Ta zo ta jingina da falwaya, can ta matso ta ce masa, "Baba, motar Kaduna ta zo?"

Ya ce, "Wa kike jira, 'yata?"

Ta ce, "Abbana. Ya je sayo mini keke."

Mu kuwa mun san Abban nata. Sadiq direba ne, da mu aka kai shi makwancinsa bayan ya yi hatsarin mota. Sunan yarinyar Rauda. Uwarta na takaba, kakarta Hajiya Ishatu ce ta ce mata ya yi tafiya, kamar yadda aka saba yi wa ƙananan yara, don kada a tayar musu da hankali.

Tun daga ranar kullum sai ta zo. Kullum kuma sai baffanta Kailani ya biyo ta da tsumagiya, yana cewa ta koyi yawo. A doke ta yau, gobe ga ta jikin falwaya. Isiyaku ya yanka taya ya yi mata 'yar kujera. Su zauna su biyu suna kallon titi.

A daminar nan ne ma'aikatan asibitin unguwa suka fara tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa, wanzamai da ungozomomi da malaman makaranta, har da irinmu na bakin titi. Wata nas, Malama Eunice, ita ke bayani. Abin da na riƙe shi ne, yaron da wani abu mai nauyi ya faɗa wa ba ya faɗa da baki, a halinsa ake gani, kuma abin kan bi shi har tsufa. Ta ce kafin a ɗaga bulala, a fara tambaya me ya same shi. Isiyaku yana can baya yana sauraro. Da muka tashi sai ya ce mini, "Malam, raka ni gidan Hajiya."

A zaure ta same mu. Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, alfarma na zo nema. A gaya wa Rauda gaskiya."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah! Isiyaku, kai da ko kaza ba ka taɓa raino ba, kai za ka koya mini riƙon jika? Koma ga tayoyinka, bawan Allah."

Na ɗauka tashi zai yi, amma bai motsa ba.

Ya ce, "Hajiya, ni ma ce mini aka yi innata ta tafi Funtuwa. Ina ɗan shekara shida. A wannan titin na jira ta. An doke ni har an gaji. Sai da na yi wayo, wata rana muna faɗa da wani yaro ya ce mini uwata tana ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai ne ban sani ba. Ban taɓa yi mata kuka ba, don lokacin kowa ya gama nasa. Ga shi furfura ta fito mini, kuma na san ba ta cikin motar, amma in mota ta tsaya sai na duba."

Duk zaman da muka yi tare, ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In ta ji ta zauce fa?"

Ya ce, "Kuka za ta yi, Hajiya. Ku bar ta ta yi, kuna kusa da ita."

Ba a ranar ta yarda ba. Sai da aka kwana biyu ta aika aka kira Malama Eunice, suka zauna da uwar da Kailani, suka daidaita yadda za a faɗa. Uwar ce ta ɗora ta a cinya ta gaya mata. An ce ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta yi ta maimaita tambaya ɗaya, ana ba ta amsa ɗaya, ba wanda ya tsawata mata. Hajiya kuwa ta daɗe ba ta amsa gaisuwarmu da kyau.

Rauda ba ta sake zuwa jiran mota a bakin titi ba. Yanzu tana makaranta. Takan wuce da safe cikin ƙawayenta, wata rana ta ɗago hannu ta ce, "Baba, ina kwana," wata rana hira ta ɗauke mata hankali ta wuce.

Isiyaku yana nan a wurinsa. Ƙarfin ɓalle taya ya ragu, yawanci sai facin keke da babur. 'Yar kujerar tana gefensa, ba ya barin kowa ya zauna a kai. In mota ta tsaya, har yanzu yakan ɗaga kai.