Kilomita Biyar Saboda Yaya

Yayata ce ta ja mini wannan wahala, kuma har yau in hadari ya haɗo gwiwoyina suna tuna mini.

Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, shi ya sa ko da na kai shekara arba'in da bakwai, da tumbi da furfura da ƴaƴa shida, a bakinta ni "auta" ne. A shekarar da nake ba da labari likitoci suka same ta da ciwon daji a nono. An kai ta Yamai sau biyu, ana ɗaura mata wani ruwan magani mai sa amai da zubar gashi. Saura zuwa huɗu. Da ta dawo Dakoro karo na biyu sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron gidanta, ta ce ita kam ta gama. Mijinta ya yi magana, ƴaƴanta suka yi kuka, limamin unguwa ya zo ya tafi. Likita kuwa ya gaya mana a fili cewa in ta daina zuwa, ciwon ba zai daina ba.

Ni ban iya lallashi ba, faɗa na iya. Na je na same ta, na yi ta zuba, na ƙare da cewa, "Yaya, abin ai haƙuri ne. Wahalar kwana nawa ce?"

Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ka san wahala? Kai da kake hawan kabu-kabu daga shagonka zuwa masallaci?"

A kwanakin nan ana ta sanarwa a rediyo cewa samarin gari da ma'aikatan asibiti sun shirya tseren kilomita biyar. Kowa zai sayi riga ya shiga, abin da aka tara a taimaka wa masu ciwon daji da kuɗin mota. Yaya ta ce, "To ga gudu can ana shiri. Ka yi shi da ƙahwarka har ƙarshe, ni kuma in koma Yamai. In ka kasa, kowa shi ƙyale ni."

Zuciya ta ɗebe ni, na ce na yarda, a gaban mijinta da babbar ɗiyarta.

Ni tela ne. Shekara ashirin da biyar ina taka keken ɗinki, a lissafina ƙafafuna sun je Maraɗi sun dawo ya fi sau ɗari. Ashe a zaune suka je. Na sayi takalmin gudu mai igiya wurin ƴan gwanjo, na ɗinka wa kaina wando har idon sawu, don ba zan nuna wa Dakoro gwiwata da girmana ba. Washegari bayan sallar asuba na fita.

A garinmu magidanci ba ya gudu sai da dalili. Ban kai kwanar layinmu ba na ji ƙafafu a bayana. Mai shayi ne riƙe da bokitin ruwa, da maƙwabtana biyu da sanduna, ɗaya yana tambaya ina ɓarawon, ɗaya yana tambaya gidan wa ya kama. Na so in ba su amsa, numfashi ya ƙi. Da ƙyar na ce, "Motsa jiki." Mai shayi ya ajiye bokiti ya ce in don motsa jiki ne, yana da gonar da ba a nome ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya kusa kashe ni gaisuwa ce. Babu ƙofar gidan da ban taɓa yi wa ɗinki ba, kuma da safe dattawa na zaune a kan dakali. In na tsaya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina haƙuri da zafi, kafin a gama zufata ta bushe. Ranar da na gwada ɗaga hannu kawai in wuce, kafin azahar wani tsoho ya aiko aka karɓe shaddarsa daga shagona, wai tela ya fara girman kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na mayar da atisayena bayan gari, hanyar da ta nufi Azagor, inda babu kowa sai rairayi da makiyaya. A can ma akwai wani Buzu da kullum yake tsayar da raƙuminsa ya tambaye ni wace irin akuya ce ta ɓace mini.

Duk abin da ya faru matata tana kai wa Yaya da ɗuminsa. An ce ranar da ta ji labarin bokiti ta yi dariya har da tari, ita da ta yi wata uku ba a ga haƙorinta ba. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, ban san wanda ya fi ba. Cikin sati shida dai na kai ina yin kilomita biyar ɗin, in dai ba a matsa mini da tambayar minti nawa ba.

Ranar tsere aka taru a filin ƙwallo. Rigar da aka ba ni ta tsaya a saman cibiya, ni da nake ɗinka wa mutane riga daidai jikinsu. Aka busa usur, ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, da sojoji suka ɓace kamar an kore su. Ni na bi a hankali, tare da wasu malaman asibiti mata da wani mushe, malamin makaranta mai ritaya. A bayanmu akwai saurayi a kan moto, wato babur, aikinsa ya bi na ƙarshe don kada wani ya faɗi ba a sani ba.

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban tambayi ta ina za a bi ba. Wajen kilomita na uku muka sha kwana, sai ga ni a layin gidan surukina. Ga shi nan zaune a ƙofar zaure a kan buzunsa, da abokansa uku.

Shekara ashirin da auren ƴarsa, ban taɓa wuce mutumin nan da takalmi a ƙafata ba. Na yi tunanin sunkuyar da kai in wuce cikin mutane, amma mutanen duka mu biyar ne, kuma ni na fi kowa faɗi. Ƙafafuna da kansu suka tsaya. Na duƙa kwance igiya, na tarar na yi mata ƙulli biyu irin na bakin buhu. Da haƙori na kwance ta hagu. Na tuɓe, na matsa da safa, na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

Surukina mutum ne da bai san sauri ba. Ya tambayi gida, ya tambayi ƴarsa, ya bi jikokinsa shida ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi aiki, ya tambayi ko an yi ruwa a unguwarmu, alhali tsakaninmu tafiyar minti goma ce. Sannan na juya ga abokansa, kowanne da nasa kason. Saurayin moto ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya kashe inji, shi ma ya zo ya durƙusa a gefena.

Can tsoho ya ce, "Lahiya kake haki haka?"

Na gaya masa a taƙaice, idona a ƙasa. Ya ɗaga hannu ya fara yi wa Yaya addu'a. Doguwa ce, kuma mai kyau, har na ji idona ya cika. Ta yaya mutum zai ce a gajarta masa wannan? Aka shafa, aka kawo ruwa a kwano, na sha, don ba a ƙi.

Ba a sa takalmi a gaban suruki, ba a kuma ruga a idonsa. Na riƙe takalmana a hannu na taka a natse har ƙarshen layi, moto na bina ana tura shi. Da na sha kwana na ce bari in ɗora daga inda na tsaya, sai cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Durƙuson ya ɗaure su tam. Na san in na sake duƙawa sa takalmi ba mai tashe ni, don haka na ci gaba da safa. Abin da na yi a sauran kilomita biyun nan ba zan rantse cewa gudu ne ba, amma ba tafiya ba ce.

Na iso fili ana kwance rumfa, an riga an ba na ɗaya kyautarsa har ya tafi gida. Yaya na nan a kan kujera a inuwa, ta ja ɗankwali har girarta, ɗiyarta na tsaye a bayanta. Na tsallake igiyar ƙarshen tsere da aka yasar a ƙasa, na je na zube a gabanta.

"Na gama, Yaya. Ga shaida nan a kan moto."

Na jira dariya, na ma shirya abin da zan mayar mata. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon safata da ta huje, sannan ta ce wa ɗiyarta ta je ta samo mini ruwa. Sai da yarinyar ta yi nisa ta yi magana, a hankali.

"Abin da na tabbata ba ka iyawa na zaɓa, auta. Wallahi tsoron ruwan nan nike ji. In an ɗaura mini shi ji nike kamar ni kaɗai ce a duniya."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce tana tsoron wani abu ba. Na nemi faɗan da zan yi na rasa, tausayinta ya rufe ni, na kama hannunta na ji ba nauyi.

Ranar Litinin na rufe shago, na mayar wa mutane yadinsu da haƙuri, na je tasha na yanki tikitin Yamai kujera biyu.