Tanderun Yaya Sani da Ba a Kunna Ba

Shekara bakwai ke nan da muka raka yayana Sani makwancinsa. Mutanen unguwarmu ta Nima sun san shi da rubuta kalamai a jikin motocin haya da ake kira tirotiro. Kaɗan ne suka san ya iya hura gilashi.

Wata makarantar koyon aikin gilashi a ƙasar waje ce ta gayyaci masu fasaha su zauna na ɗan lokaci, da sharaɗin a zo a ƙungiya. Yaya ya tafi da Ayishetu mai duwatsun ado daga unguwar Maamobi, da Musa mai walda. Suka dawo da ƙuna a yatsu da kuma niyyar gina tanderu a nan zangonmu, domin kwalaben da muke zubarwa a kwata su zama kofuna da fitilu. Mahaifiyarmu ta yi ta faɗa, don buhunan kwalabe sun cinye mana tsakar gida. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Mma, ki yi haƙuri, a kofina za ki sha koko."

Ba ta sha ba. An ɗora tubali har ya kai ƙugu, sai zazzaɓi ya kwantar da Yaya, bai tashi ba. Ana bikin duniya, ana na ƙiyama.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya leƙo yau. Filin tanderun ya zama shagon caca. Kwatar da yake tsintar kwalabe ta toshe da robobi, abin da ko wuta ba ta mai da shi abin kirki. Musa ya bi hanyar sahara, tun daga nan babu labarinsa.

Kwanan baya na iske Ayishetu a kasuwar Tudu tana sayar da duwatsunta. Na tambaye ta ko za ta sake hura gilashi. Ta ce aikin na mutum biyu ne, ɗaya na hurawa, ɗaya na juya sanda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

"Ƙanina, wa zai riƙe mini sandar?"

Ilimin Yaya yana nan a hannun mace ɗaya da ba ta da abokin aiki, gashinta kuma ya soma fari. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.