Neman Injin da Ya Raba Mu da Doki

Paki zuwa Ikara

Na bar Paki ana idar da sallar asuba, a bayan akori-kura, ni da buhunan barkono, ina ta atishawa. Ga dalilin tafiyar. Da damina rediyo ya ce gwamnan soja ya sa hannu a wata doka: duk kamfanin da ya kai lantarki da injuna karkara an yafe masa haraji. Sai ga wasu masu kwat, wai za su kafa injin matse rake a Kudan, su ɗebi 'ya'yanmu aiki. Yaya Sale ya gaskata, ya sayar da dokin da ke juya masa mamatsar mazarƙwaila. Yanzu rake ya nuna, yana neman bushewa a fadama, inji kuwa shiru. "Je ka gano mana," in ji shi.

A bakin Ikara sojoji suka sauke mu. "Takardar haraji!" Na miƙa tawa. Dattijo mai barkonon, da ya manta tasa, ya sha tsallen kwaɗo. Raina ya ɓaci: an yafe wa masu kwat, mai barkono na tsalle.

Makarfi

Babu man mota. Muka yini a tasha, na ci ƙosai ƙanana kamar gurjiya, tsadar kuwa sai ka ce nama. Na tambayi direba labarin kamfanin. "Malam, ai gani ya kori ji," ya ce. A shagon wani tela ɗan garinmu na kwana.

Kudan

Da hantsi na isa. Wurin kamfanin fili ne an kewaye da waya, ga allo, ga ciyawa har ƙugu. Maigadin, Baba Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, ya ba ni ruwa.

"Baba, ina injin?"

"Ya zo, ɗana. Manya suka yi hoto da shi, aka mayar da shi kan tirela, sai birni. Ni ciyawa nake gadi, albashin ma babu."

Gida

Na iso Paki da la'asar sakaliya, na zarce fadama ina tunanin ta inda zan fara. Na tarar da Yaya, da furfurarsa, ya sa ƙirji a sandar mamatsar da dokin ke ja a da, yana zagaye, matarsa na cusa rake. Ya dubi fuskata ya ce:

"Sannu da hanya. Ajiye jakar, kama nan."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Bitrus da bai ɓoye mini ba. Na tuɓe riga na kama.