Kalmar da Ta Kai Suwaiba Ɗakin Wanki

Suwaiba ta yi shekara goma sha ɗaya tana goge ƙasa a ɗakin maza na wani asibiti a Jos kafin a mayar da ita ɗakin wanki, inda na same ta a shekarar 2003. Tare muke wanke zannuwan gado, tare muke shanya a bayan gini, kuma a wajen shanyar nan ne ta riƙa ba ni labarinta kaɗan-kaɗan.

A Dilimi aka haife ta. Kakanta ya zo daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza, bai koma ba. Mahaifinta tela ne, kuma tana aji uku na sakandare ya rasu, karatu ya tsaya. Ta auri Lukuman, direban bas mai zuwa Bauchi, suka haifi 'ya'ya huɗu. Turancinta na aji ukun nan ne, sai abin da ta tsinta a bakin likitoci da nas-nas tana jan bokiti tsakanin gadaje. Ta ce min tana ji da shi a lokacin. A layinsu ita ake kawo wa takardar magani ta karanta.

Bayan rikicin Satumba na 2001 asibitin ya ragu da mutane. Wasu ma'aikata sun bar gari, wasu sun nemi canji zuwa inda ya fi kusa da unguwarsu. Nas biyu kan riƙe ɗakin da a da huɗu ke riƙewa. A cikin wannan hali aka turo wani matashin likita mai bautar ƙasa, Dokta Obiajulu, wanda Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. In yana son magana da dangin mara lafiya kuma nas ba ta kusa, sai ya yafito Suwaiba. Ta jingine tsintsiya, ta goge hannu a zani, ta tsaya gefensa tana fassara. Ba wanda ya sa ta a rubuce, ba kuma wanda ya hana. Ita dai tana jin daɗin abin.

A watan Afrilu na 2002, da ruwan farko, aka kawo wani manomi mai suna Pwajok daga wani ƙauye a bayan Bukuru. Ya ɗauko kabeji zai kai kasuwar Farin Gada, yana zaune a saman kaya a bayan a-kori-kura, taya ta fashe, ya faɗo da ka. Tun da aka kwantar da shi bai buɗe ido ba. Matarsa Magadaliya ce ke jinyarsa, wata siririyar mace mai yawan shiru, wadda ke kwana a tabarma a baranda tare da sauran masu jinya.

Ranar kwana na uku da safe aka fitar da masu jinya kamar kullum don likita ya zaga. Suwaiba na can ƙarshen ɗaki tana goge-goge, ba ta ga abin da aka yi a gadon Pwajok ba. Da aka buɗe ƙofa Magadaliya ta tare likita, shi kuma ya yafito Suwaiba ya ce da ita da Turanci, “Tell her he is responding,” ya wuce gado na gaba.

Suwaiba ta san kalmar. A makaranta, in malami ya gaishe su suka yi shiru, cewa yake su yi “respond”, wato su amsa. Don haka ta juya ta ce wa matar likita ya ce mijinta yana amsawa.

Magadaliya ta kama hannunta ta ce, “Ya yi magana?”

“To, ya ce dai yana amsawa. Ki gode wa Allah.”

Nan ne wurin da Suwaiba ta fi tsayawa duk lokacin da take ba ni labarin. Ta ce likitan bai fi taku biyar daga inda take ba. Da ta bi shi ta tambaya, da ya gaya mata. Amma kunya ta hana ta nuna cewa akwai abin da ba ta gane ba, ga kuma fuskar matar ta riga ta washe.

Magadaliya ta zauna gefen gadon har azahar tana kiran sunansa. Da bai motsa ba sai ta ɗauka barci yake, ya gaji. Ranar Asabar ta bar wa wata mai jinya a gadon kusa amanarsa ta tafi gida. Ranar Lahadi aka sanar a cocinsu, aka yi godiya. Ranar Litinin da hantsi mota guda ta cika da dangi, har da mahaifiyarsa, tsohuwar da idonta ya kusa tafiya, wadda sai da aka riƙo ta hannu biyu. Sun zo da gwate, wato faten acca, a kula, don an ce shi yake so.

Suka same shi yadda aka bar shi, da roba a hanci, ana yi masa ƙarin ruwa. Tsohuwar ta lalubo fuskarsa ta yi ta kiransa da yarensu. Suwaiba na nan a ɗakin. Ta ce ba ta jin yaren, amma ta gane suna ɗaya ake ta maimaitawa, muryar tana ƙara ƙasa-ƙasa.

Ƙanin Pwajok, Cletus, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne kuma yana jin Turanci sosai. Ya nemo likita. Dokta Obiajulu ya yi masa bayani cewa abin da yake nufi shi ne ya haska tocila a idon mutumin ƙwayar idon ta tsuke, ya matse masa farce hannun ya ɗan janye. Alama ce mai kyau, amma ba magana ba ce, kuma bai taɓa cewa ya yi magana ba. Cletus ya tambayi wanda ya fassara. Aka nuna masa Suwaiba tana tsaye da bokitinta.

Bai zage ta ba. Ya dai ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, ya ce ta sani sarai, da gangan ta yi, irinsu ba su ƙi su ga an wahalar da tsohuwa ba. Yana faɗa yana kallon ɗankwalinta. Masu jinya suka fara taruwa a ƙofa, kuma ba a jima ba suka rabu biyu ba tare da kowa ya shirya ba, waɗannan a dama, waɗancan a hagu. A watannin nan gardamar mai acaba da fasinja ta isa ta sa a rufe shaguna a layi guda. Sista Angela, babbar nas ta ɗakin, ta ja Suwaiba zuwa ɗakin ajiyar magani ta kulle ta a ciki, sannan ta koma ta kori kowa waje. Suwaiba ta yi fiye da awa biyu a zaune kan kwali.

Washegari aka ba ta takardar tuhuma daga ofis, saboda Cletus ya shigar da ƙara a rubuce. Ta karanta abin da za ta iya. A layin ƙarshe sai ga kalmar nan kuma, an ce ta yi “respond” cikin awa ashirin da huɗu.

Da ta tashi daga aiki ba ta je gida ba, ta wuce Dutse Uku wajen yayanta Abdulfatah, wanda ke koyar da Turanci a wata sakandare. Ta same shi a tsakar gida yana duba littattafan ɗalibai. Ya saurare ta har ƙarshe, ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙamus.

Ya ce mata ba ta yi ƙarya ba, amsawa na cikin ma'anar kalmar, kuma a takardar da ke hannunta ma abin da ake nufi ke nan, ta ba da amsa a rubuce. Amma Turawa na amfani da ita ga abin da ba shi da baki. In aka zuba wa masara taki ta yi kore, su ce ta yi haka. In direba ya taka birki mota ta tsaya, haka. In mara lafiya ya fara karɓar magani, ko jikinsa ya motsa don an taɓa shi, duk kalmar ɗaya ce. Ya ce ai mu ma mukan ce jiki ya karɓi magani, ba mu cewa ya amsa. Sannan ya jawo wata tsohuwar jarida daga ƙarƙashin littattafan ya nuna mata inda aka rubuta cewa matasan wata unguwa sun yi “respond” bayan an kai musu hari. Ya ce a nan kuma ramuwa ake nufi, gidaje aka ƙona.

“Yaya, to ta yaya mutum zai san wacce ake nufi?”

“Sai ya tambaya,” in ji shi.

Suka zauna rubuta amsa. Shi yana son a rubuta cewa fassara ba aikinta ba ne, an ɗauke ta shara ne, laifin na wanda ya sa ta ne. Ita kuma ta dage sai an sa cewa an tambaye ta ko ya yi magana, ba ta ce a'a ba. Ya ce wannan layin zai iya cin aikinta. Ta ce ta sani. Suka yi ta ja har aka kira magariba, daga ƙarshe aka rubuta duka biyun. Da ta isa gida Lukuman ya ce ta ajiye aikin kawai, tun da an fara nuna ta da yatsa a wurin da in abu ya tashi ba ta da hanyar gudu. Ta ce ya bari ta ga abin da za su ce.

Dokta Obiajulu ma ya rubuta tasa takardar, ya ce shi ya kira ta kuma shi ya gajarta maganar. Sista Angela ta shiga ofis ta yi magana a kanta. Ba a kore ta ba. An mayar da ita ɗakin wanki, aka kuma gargaɗe ta kada ta sake tsayawa tsakanin likita da dangin mara lafiya.

Pwajok ya rasu ranar kwana na goma sha biyu, bai farfaɗo ba. Kwana biyu bayan haka Magadaliya ta zo ɗakin wanki neman bargonsa na gida, wanda aka haɗa da kayan asibiti. Ba ta san wa za ta tarar ba. Suwaiba ta riga ta ware bargon, ta wanke shi daban ta ninke. Ta miƙa mata, ta yi mata gaisuwa, ta roƙe ta gafara, tana jiran duk abin da zai fito.

Magadaliya ta rungume bargon. Sannan ta ce, da irin Hausarta, “Ba ke kaɗai ba ne. Ke kin ce yana amsa. Ni da na je gida na ce wa Mama ya tambaye ta. Ni na ƙara wannan.” Ta ce tun daga mota take ta saƙa yadda za ta faɗa, kafin ta isa ƙauye maganar ta girma a bakinta. Har ranar ba ta gaya wa Cletus ba, kuma tsohuwar ta daina cin abinci, tana cewa ɗanta ya kira ta ta makara.

Ta roƙi Suwaiba kada ta faɗa wa kowa a asibitin. Suwaiba ta yi alkawari, kuma ta riƙe shi har sai da duk waɗanda abin ya shafa suka bar wurin. Ba su sake haɗuwa ba. Ba ta taɓa sanin yadda tsohuwar ta ƙare ba, kuma ta ce wannan ya fi komawa ɗakin wanki damunta.

A shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ta yi Turanci ba, ko da wasa. In nas ta yi mata magana da shi, da Hausa take mayarwa. Matan layinsu suka gaji da kawo mata takardar magani, don kullum cewa take su koma wajen mai kemis. Mutum ce mai aiki, ba ta da ƙorafi, sai dai sabulu da ruwan sanyin Jos sun farfasa mata hannu, har ya zama in ta matse zani sai ta cije leɓe.

Rikicin Nuwamba na 2008 ya same mu a bakin aiki. Kwana uku muka yi a asibitin ba mu fita ba, zannuwa na zuwa da jini fiye da yadda za mu iya wankewa, ga famfo ya ɗauke, sai da muka riƙa jan ruwa a rijiyar bayan gini. Ba ta san halin da 'ya'yanta ke ciki ba sai ranar na uku, da wani direban motar asibiti ya kawo labarin cewa layinsu lafiya. Bas ɗin Lukuman kuwa an ƙone ta a inda ya ajiye ta.

Bayan nan hanyar da take bi zuwa aiki ta zama sai ta yi zagaye mai nisa don kauce wa wasu unguwanni. Ta jure wata biyar. A watan Mayu na 2009 ta ajiye aiki, ta ɗauko keken ɗinkin mahaifinta daga gidan yayanta ta kafa a zaure. Na ziyarce ta da damina ta yi nisa, na same ta tana rage wa wata maƙwabciya riga, hannun ya fara warkewa. Lukuman na zaune a ƙofar gida, bai samu wata motar ba tukuna.