Ranar da Na Cire Baba Garba daga Tawagar Dara

A shekarun da na yi ina aikin jami'in wasanni, babu ranar da ta tsaya mini a rai kamar Larabar da na hau babur zuwa Sisawa don in gaya wa Baba Garba cewa ba da shi za a tafi gasa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ya kamata ku ji labarin.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, a matakin albashi na shida, a sashen walwala da wasanni. Ba a daɗe da fara noman rani da ruwan dam ba, mutane sun samu sukuni bayan girbin shinkafa, sai aka shirya gasar wasannin gargajiya tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Ni aka ba ɓangaren dara. Ga wanda bai san ta ba, ramuka talatin ake tonawa a ƙasa, kowa ya zuba 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da kara ɗaya da duwatsu. Duk wanda ya jera uku a layi sai ya cire ɗan abokin wasansa. Kowane gari zai kawo mutum uku, a haɗa makinsu.

Mutum ukun da kowa ya sani a wajenmu, Wurno, su ne Malam Bello tela, da Sani mai gyaran injin ban ruwa a Marnona, da Baba Garba. Shi Baba Garba tsohon ɗan kokawa ne. A ƙuruciyarsa babu dandalin da bai shiga ba a ƙasar nan, da gwiwa ta ƙi sai ya koma dara. Ya haura saba'in, hannunsa na rawa, kuma yakan daɗe yana kallon ramuka kafin ya taɓa ɗa.

Ƙa'idar ofis ita ce a yi gwajin tantancewa, kowa ya kara da kowa, a ɗauki ukun farko. An kuma sa dokar lokaci: minti ɗaya ga kowace tafiya. Sau biyu lokaci yana cinye Baba Garba a wasan da yake gaba. Ya zo na huɗu. Wani malamin firamare, Lawali, ya zo na uku.

Na kai wa shugaban sashenmu takardar, na ce masa ina ganin a sake dubawa. Ya tambaye ni ko akwai kuskure a sakamakon, na ce babu. Ya ce to gasa za mu, ba ziyara ba, in bi abin da na rubuta da hannuna. Gaskiyarsa ce ta fuskar aiki, sai na hau babur na nufi Sisawa.

Na tarar da Baba Garba a ƙofar gida, ya yi aski, an wanke masa babbar riga an shanya a kan darni. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye da zancen gero da lafiyar iyali.

"Ɗana, mi ya kawo ka?" in ji shi. "Hwaɗi kawai."

Na faɗa. Ya dubi hannunsa. Bai yi fushi ba, bai roƙe ni ba. Ya ce Lawali ya iya wasa, Allah ya ba da sa'a. Sannan ya ce in kula da Bello, don idan aka ci masa 'ya'ya biyu a jere sai ya rikice ya fara gaggawa, sai an samu wanda zai ja shi gefe ya ba shi ruwa. Sani kuwa ya fi iya tsare gida da kai hari, kada a bar shi ya buɗe tsakiya. Na ce na ji. Akwai kujera a motar da za ta kai mu Goronyo. Bai zo mini a rai in ce ya zo ko don ya zauna ba, tunda sunansa ba ya cikin takarda.

Ranar gasa abin da ya faɗa shi ya faru. Bello ya fara da kyau, aka ci masa biyu, ya birkice. A hutun tsakanin wasa na ja shi gefe na miƙa masa ruwa, amma ban san abin da zan gaya masa ba. Sani ya riƙa waiwayowa gefen dama, inda tsohon ya saba zama. Lawali ya ci wasa ɗaya, sauran duk suka tafi. Mu muka zo na ƙarshe.

Ina naɗe tabarma sai wani dattijo daga tawagar Rabah ya dogaro sanda ya zo wurina. Ya ce sunansa Mamman, ya tambaye ni ina Garba. Na ce bai samu shiga ba. Ya ce shi ma rabonsa da cin wasa an daɗe, amma yaransu ba su tafiya ba shi, yana zaune ne yana karanta musu hannun abokan karawa. Ashe shi da Baba Garba sun yi shekaru suna haɗuwa a dandalin kokawa, kuma don ya gan shi ya yarda ya sha wahalar hanya.

"Ka ce mai Mamman na Rabah ya zo bai ishe shi ba," in ji shi. "Ka ce mai kahwaɗar da ya gurɗe mani har yau tana tuna mani da shi in an yi sanyi."

Na yi alkawarin isar da saƙon. Kunya ta hana ni zuwa a makon farko. Mako na biyu aka tura ni wani aiki, daga nan damina ta sauka, na riƙa cewa sai hanya ta bushe. Kafin ta bushe Sani ya shigo ofis da safe ya gaya mini Baba Garba ya rasu, har an kai shi jiya.

Na je ta'aziyya tare da Malam Bello. Babban ɗan marigayin ya ce ranar gasar mahaifinsu bai je gona ba, ya zauna bakin hanya tun hantsi yana tambayar masu babur da suka fito daga Goronyo yadda ake ciki. Bello ya sunkuyar da kai, ni kuma na kasa haɗa ido da kowa.

Tun daga nan na gane takardar gwaji tana nuna wanda ya ci wasa, amma ba ta nuna wanda saura ke jingina da shi. Da na zama shugaban sashe, duk tawagar da zan tura sai na sa gurbin dattijo ɗaya, ko ba zai taɓa kara ba. Ku ma idan aka ba ku zaɓen mutane, ku bi ƙa'ida, amma kafin ku cire sunan kowa ku tambayi waɗanda za su tafi ba shi. Idan kuma aka ba ku saƙo zuwa ga tsoho, ku kai shi ranar.