Savvas Mai Niƙa da Mayaƙan Dutse

Lokacin da kakana Savvas ya iso nan ƙasar Girka, babu komai sai fadama da sauro. Daga bakin Baƙin Teku aka koro su, shi da matarsa Parthena. Shi ya fara kafa gida a ƙauyenmu, ya gina injin niƙa mai juyawa da ruwan rafi. Zazzaɓi ya ɗauke musu 'ya'ya biyu, Anestis da mahaifiyata Simela ne suka rayu.

Da Jamusawa suka mamaye Girka, samari suka hau dutse da bindigogi don su yaƙe su. Wata safiya shugabansu ya sauko wurin niƙa.

"Baba Savvas, yarana sun koma cin ganye kamar awaki."

"To ku yi ta ba da nono mana," in ji kakana. Amma ya cika masa buhu da garin alkama.

Tun daga ranar, duk garin alkamar da ya ɗiba ladan aikinsa dutse yake hawa, a bayan alfadari, an rufe shi da itacen wuta. Parthena ba ta so ba.

"Maigida, gida ɗaya mun baro shi yana ci da wuta. Na biyu kake nema?"

"Yunwa suke ji, Parthena. Ni dai abin da na sani ke nan."

Ba a daɗe ba Anestis ya bi mayaƙan. Shi kuwa mahaifina Lazaros, mijin Simela, ya karɓi bindiga a hannun Jamusawa, wai don ya tsare ƙauye. Shi ya zo wa kakana a guje.

"Baba, an san inda garin ke zuwa. Ku shiga daji."

"Wa ya faɗa musu?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Da rana tsaka Jamusawa suka cinna wa injin wuta, su kakana suna kallon hayaƙin daga cikin itatuwa.

Da Jamusawa suka janye, mayaƙan suka sauko neman Lazaros. Kakana ya tare ƙofa.

"Duk wanda ya ci garina a cikinku, ya fara harbina!"

Suka ɗaga shi cak, suka ajiye gefe a hankali, suka fito da surukinsa. Anestis na cikinsu. Mahaifiyata tana da cikina a lokacin, kuma ba ta sake ganin mijinta ba.

Bayan yaƙi sabuwar gwamnati ta ce ciyar da mutanen dutse laifi ne, aka kai kakana kurkuku a wani tsibiri. Anestis ya tsallaka iyaka, shiru har yau. Parthena ta rasu kafin a sako mijinta.

A gidanmu ya ƙare rayuwarsa. Mahaifiyata tana ajiye masa miya da burodi kullum, tana wanke masa kaya, amma ban taɓa jin sun yi hira ba. Ranar jana'izarsa tsofaffin ɓangarorin biyu, mutanen dutse da waɗanda suka bi Jamusawa, sun zo coci, kowa ya tsaya gefensa, aka binne shi, suka watse ba gaisuwa.